Ƙeyar Ilgvars

Idan ka miƙa wa Modris hoton Ilgvars ka ce wane ne wannan, sai ya yi jim kafin ya amsa. Amma jera masa maza hamsin su juya baya, da hular kwano ko babu, kafin ka rufe baki ya nuna maka mutuminsa. Ƙeyar ya sani. Shi ya fara ganin furfura a jikinta, kafin matar Ilgvars, kafin mai askinsa ma.

Ni ne Zigurds, ana ce min Zigi, mai tausa a ƙungiyar sulɓin ƙanƙara ta ƙasarmu. Aikina murza naman mutane, riƙe musu riguna a wurin tashi, da sauraron ƙorafin da ba za su iya kai wa koci ba. Gadon bayan mutane da ya bi ta ƙarƙashin hannuna ba shi da iyaka, amma ban taɓa murza wanda na ji kamar ina murza buhun dankalin da ya kwana a rumbu ba sai na Modris. Ko'ina ƙulli, ko'ina gargada.

Yadda aka haɗa su ma abin dariya ne. Suna yara a makarantar wasanni ta nan Sigulda, kocin wancan zamani ya tsaya yana duba su kamar mai zaɓen kabeji a kasuwa. Ya ga wani dogo mai surutu, wato Ilgvars, ya ga wani gajere mai faɗin kafaɗa da ba ya cewa uffan, wato Modris. Ya ce da gajeren, "Kai, kwanta." Ya ce da dogon, "Kai kuma hau kansa." Shi ke nan. Ba wanda ya tambaye su, su ma ba su tambaya ba.

A keken sulɓi na mutum biyu, wanda ba shi da taya sai ƙarafa biyu a ƙasa, haka abin yake: na ƙasa ya kwanta rigingine, na sama ya kwanta a kansa, kansa a ƙirjin na ƙasa, su gangara cikin kwararon ƙanƙara da gudun da ɗan sanda zai tare ka a kansa in a titi ne. Na sama ke ganin hanya. Shi ake ɗauka a hoto, shi ke ɗaga wa jama'a hannu. Na ƙasa kuwa rabonsa hular kwanon abokinsa da ɗan yankin sararin sama. Da kafaɗa yake tuƙi, da baya yake gane kwana, kuma duk kwanar da aka shiga sai nauyin su biyun ya ninku ya sauka a wuyansa. Modris ya haura shekara ashirin a haka. Ya je Kanada, ya je Japan, ya je Jamus har ya gaji da zuwa. Wata rana surukarsa ta tambaye shi yaya ya ga ƙasashen, ya ce, "Gajimarensu ba laifi."

Ba wai Modris ba ya magana ba ne. Da ni yana yi, da matarsa Vesma yana yi, da karensa ma yana yi. Da Ilgvars ma yana yi, amma sai in Ilgvars ya juya masa baya. A layin karɓar abinci, a kan matakala, a cikin motar da ke hawa da su saman tudu, in dai ƙeyar na gabansa, sai ka ji Modris yana ta zuba: "Kwana ta goma sha ɗaya ka makara, tsoho." "Ka rage cin wake, ni ke ɗaukar ka." Amma da zarar Ilgvars ya waiwayo da wannan faffaɗar fuskar tasa mai murmushi, sai bakin Modris ya mutu murus, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya gamu da babban baƙo a ƙofar banɗaki. Ranar bikin Modris, Ilgvars ne babban aboki. Ya rungume ango, ya kama kumatunsa da hannu biyu ya ce, "Ɗan'uwana!" Ango ya ce, "Na gode, yallaɓai." Har yau ana ba da labarin.

Shekarun baya wannan ba ya damun kowa. Ya fara zama matsala ne lokacin da Modris ya samu maganar da dole ya faɗa wa Ilgvars.

Ni na fara ganewa, don ni ke taɓa shi. Ina murza masa wuya sai na ga yatsun hannunsa na dama suna rawa su kaɗai. Na ce, "Modri, kiɗa kake koya?" Ya ce, "Bacci suke." Bayan ɗan lokaci baccin ya haura zuwa gwiwar hannu. Ya fara sakin cokali a cikin miya. Ya kai ga ba ya iya jan zip ɗin takalmin tsere, sai in durƙusa in ja masa ina yi kamar ina duba masa idon sawu, don kada koci ya gani. Na matsa masa ya je Riga, babban birninmu, aka ɗauki hoton ƙashin wuyan. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta dubi hoton, ta dube shi, ta ce, "Bango ne ya faɗo maka?" Ya ce, "A'a, Ilgvars ne." Ba ta yi dariya ba. Ta ce masa ƙasusuwan sun matse jijiya, in ya ci gaba da kwanciya a ƙarƙashin mutum cikin wannan gudun, wata rana zai tashi hannuwan su ƙi tashi tare da shi, kuma ba za su sake tashi ba.

To, ai sai ya daina, ko? Haka duk mai hankali zai ce. Sai dai na ƙasa ba ya dainawa shi kaɗai. Jikin Ilgvars a kan jikin Modris ya girma, kamar yadda ƙafa ke sabawa da tsohon takalmi. Mutum mai shekara arba'in ba ya sake koyon kwanciya a kan sabon mutum. Ranar da Modris ya sauka daga keke, ranar Ilgvars ya gama, ko ya sani ko bai sani ba. Ilgvars kuwa ba shi da komai a duniya sai wannan kwararon. Matarsa ma ta ce ita ta biyu ce a gidan, ƙanƙara ce ta farko a zuciyarsa.

Vesma ta tare ni wata safiya a kasuwa, ina zaɓen kifi mai hayaƙi. Ba ta ko gaishe ni ba.

"Zigi, jiya ni na ɓalla masa maɓallan riga."

"Ai soyayya ce, Vesma. Ni tawa ko safa ba ta miƙo min."

"Ka ajiye wasa. Kai da bakinka ba ya hutawa tun da aka haife ka, yau ga ranar amfaninsa. Je ka faɗa wa wancan dogon."

"Na nema, mijinki ya hana. Ya ce in na faɗa ba zai ƙara kwanciya a teburina ba."

"Me ya ce dalili?"

"Ya ce shi ya ɗauki mutumin shekara da shekaru, shi zai sauke shi da bakinsa."

Ta yi tsaki. "Wane bakin? Bakin da ke cewa yallaɓai?" Ta ɗauki kifin da na zaɓa ta jefa a jakarta ta wuce. Ban bi ta ba. Na ga idonta ya ciko.

Modris ya gwada, kada a ce bai gwada ba. Al'adarmu ce duk ƙarshen hunturu, in ƙanƙara ta fara narkewa, mu taru a ɗakin tururin da ke gonar Ilgvars, a zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi, a yi gumi, a jibgi juna da tsintsiyar ganye, a fita a faɗa cikin kududdufi mai sanyi, a ci wake da baƙin burodi. A nan ake binne hunturun da ya wuce. Wannan shekarar Modris ya hau bencin sama, Ilgvars na bencin ƙasa, ƙeya a gaba, tururi ya rufe ko'ina. Na ce a raina yau za a yi ta. Modris ya gyara murya.

"Ilgvar."

Ilgvars ya juyo gaba ɗaya, jajir kamar dafaffiyar ƙaguwa, ganye manne a goshi. "Na'am, gajere? Kai, ka tuna min. Na samo wani sabon ƙarfen ƙasan keke, in ka gan shi sai ka yi kuka. Baɗi Jamusawa za su sha mamaki. Hunturu ɗaya kawai nake so, ɗaya tak. Me za ka ce?"

Modris ya ce, "Ƙara ruwa a kan duwatsun."

Ya gwada a mota. Kullum a baya yake zama ko da kujerar gaba ba kowa, sai ka ce minista da direbansa. Suna kan hanyar Riga ya fara, "Ilgvar, akwai wata magana," sai ya ɗaga kai ya ga idanun Ilgvars biyu suna kallonsa ta madubi. Ya ce tayar baya kamar ta rage iska. Suka tsaya suka duba taya, lafiyarta ƙalau.

Na ce masa, "To ka kira shi a waya mana, waya ba ta da fuska."

Ya ce, "Kai za ka iya sauke mutum daga kanka ta waya?"

"Ni ko a ƙasa ban yarda wani ya hau kaina ba, balle in sauke."

Haka rani ya wuce, ganye ya zube, aka sake zuba wa kwararo ruwa ya daskare, Modris ya sake kwanciya. Wani hunturun ya zo ya same shi a inda ya bar shi. Duk safiya in ja masa zip, duk yamma in murza wuyan, ina jin abin yana ƙara ƙullewa a ƙarƙashin yatsuna. Ni kaina na gaji. Na gaji da otal-otal masu warin rigar da ba ta bushe ba, na gaji da ba'ar da nake yi don kada ɗakin ya yi shiru. Shi kuwa ko ƙorafi ya daina. Sai ya kwanta ya ce, "Murza, Zigi," ya rufe ido.

Abin da ya ƙara ɗaure shi kuwa shi ne gasar karɓa-karɓa. Ƙasa ƙarama irin tamu, in aka ce kowa ya yi tserensa shi kaɗai, manyan ƙasashe ke kwashe komai. Amma a karɓa-karɓa muna da baki. Keke uku ne a lokacin: mace ta fara, namiji ya biyo, keken mutum biyu ya rufe. A ƙarshen kwararo akwai faifai rataye a sama. Wanda ya iso dole ya tashi zaune cikin gudun nan ya mare shi da hannu, marin nan ne ke buɗe ƙyauren da ke gaban na gaba a can sama. Agogo ba ya tsayawa sai keke na ƙarshe ya mari faifan. In babu keken mutum biyu mai kyau, babu ƙungiya. Mu kuwa mai kyau ɗaya gare mu. Laine, yarinyar da ke fara mana, ta daɗe tana zuwa ta huɗu da ta biyar, ba ta taɓa hawa dandamalin karɓar lambar yabo ba. Ritvars, namijinmu, haka. Duk sun san in za su rataya wani abu a wuya, ta kan bayan Modris zai biyo.

Gasar ƙarshe ta hunturun nan a gida aka yi ta, a kwararonmu, ƙasashe sun cika garin. Da rana ce, sanyi mai kyau, ƙanƙara ta yi tauri tana ƙyalli. Ina durƙushe ina ja masa zip a ɗakin canja kaya, Modris ya ce ƙasa-ƙasa, "Zigi, na gano wurin."

"Wurin me?"

"Wurin da ba zai iya juyowa ba."

Ban gane ba. Na ɗauka wuyan ne ya fara taɓa masa kai. Na ce, "Sa safar hannunka, malamin falsafa."

A tsere na yau da kullum, da an ba su izinin tashi Ilgvars ke cika wurin da ihu, yana ƙirga, yana buga ƙirji, ba ka jin komai sai shi. Amma a karɓa-karɓa ba kai ke zaɓen lokacin tashi ba. Kana zaune a kan keke, ƙyaure a rufe a gabanka, ɗan'uwanka yana can yana gangarawa, kai kuma ido a kan ƙyaure, hannu a kan mariƙi, ba ƙifta ido, ba numfashi mai ƙarfi, don da ya buɗe dole ka fita kamar an harba ka. A duk rayuwar Ilgvars wannan ne kaɗai wurin da yake rufe baki ya kalli gaba. Modris kuwa yana zaune a bayansa, riƙe da igiyoyin da ke ɗaure a hannuwan Ilgvars, hancinsa kusan a kan ƙeyar.

Laine ta tafi. Muka ji jama'a can ƙasa sun kaure da ihu da ƙararrawa, ƙyaure ya buɗe, Ritvars ya fita. Ƙyaure ya sake rufewa. Mutanenmu biyu suka matso suka zauna. Ina tsaye a gefensu rungume da rigunan sanyi na mutum huɗu, koci yana ɗaya gefen yana cizon yatsa. Mai lasifika ya ce Laine ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, Ritvars ma yana gaba da lokacin da ake buƙata. Lambar tagulla na hannunmu, ta azurfa ma tana leƙowa. Koci ya ce, "Yara, ku sauka lafiya kawai. Lafiya kawai."

Sai na ji muryar Modris daga cikin hular kwano, a hankali, kamar mai tambayar gishiri a tebur.

"Ilgvar."

Ilgvars bai motsa ba. "Mm."

"Wannan ce ta ƙarshe. Hannuna sun mutu. Daga yau ba zan ƙara kwanciya ba."

Na ji rigunan sun yi min nauyi. A raina na ce, kai gajere, duk faɗin duniya nan ka zaɓa?

Lissafin Modris daidai ne ta kowane gefe. Duk wanda ya taɓa zama a gaban ƙyauren nan ya san ba a juyawa. Ko gini ne ya rushe a bayanka ba ka juyawa. An koya musu wannan tun kafin su fara aski. Abu ɗaya ne bai sa a lissafi ba, shi ne Ilgvars ya fi son sa fiye da yadda yake tsoron ƙyaure.

Ilgvars ya juyo. Ba ɗan waiwaye ba, ya murɗa wuya da kafaɗa gaba ɗaya, gilashin hularsa ya kusa gogar na Modris. Suka kalli juna ido cikin ido, kusa da kusa, abin da ban taɓa gani ba tun da na san su.

"Hannunka me?"

Ƙyaure ya buɗe.

Ni da koci muka kwarma ihu tare. Ni na ce "Ƙofa!", abin da koci ya ce ba zai rubutu ba. Ilgvars ya juya, suka ja, suka tura da hannu, suka kwanta, kwanar farko ta haɗiye su. Jinkirin bai fi a ce ka yi atishawa ba. A wasanmu kuwa atishawa ɗaya tana iya raba na farko da na bakwai.

Abin haushin, waɗanda suka kalli gangarowar a allo sun ce ba su taɓa ganin su sun sauka da tsafta irin ta ranar ba. Ba su taɓa bango ba, ba su karkace ba, kamar ruwa a indararo. A ƙarshe Ilgvars ya tashi ya mari faifan da ƙarfin da sai da ya yi ta lilo bayan sun wuce. Agogo ya tsaya. Na huɗu.

Kafin in sauko da riguna an riga an nuna juyowar a babban allo sau ba adadi, a hankali, daga kowane gefe. Laine tana zaune a kan dakali da hularta a cinya, ba ta kuka, tana kallon ƙanƙara kawai. Na yafa mata rigarta. Ta ce, "Kawu Zigi, kana wurin. Me ya gani a baya?" Na ce, "Sa hannunki a aljihu, za ki yi sanyi."

'Yan jarida suka yanyame Ilgvars. Me ya faru? Me ya sa ka juya? Modris yana bayansa kamar kullum, na ga ya buɗe baki zai yi magana. Ilgvars ya miƙa hannu baya ba tare da ya duba ba, ya dafe masa ƙirji, ya ce da su, "Wuyana ne ya yi ƙaiƙayi. Tsufa ne. Ku rubuta haka." Suka rubuta. Har hunturu ya fita ba a daina yi masa ba'a ba. Yara a makarantar wasanni in ɗayansu ya makara a tashi sai a ce ya yi Ilgvars. Bai taɓa gyara labarin ba.

Amma kuma bai ƙara yi wa Modris magana ba. A motar da ta kwashe kekuna ranar, abu ɗaya ya ce, yana kallon gaba: "Tun yaushe?" Modris ya ce, "Hunturu biyu." Ilgvars ya ce, "Zigi ya sani?" Na ce ni taya nake dubawa. Ya gyaɗa kai. Shekarar ba a hura ɗakin tururi ba.

Modris ya je gidan Laine da kansa ya faɗa mata gaskiya, a tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Da ka jira minti ɗaya, Kawu." Ya ce, "Da na jira, da baɗi ma ina kwance." Ta rufe ƙofa a hankali, ba ta buga ba. Ya ce min da ta buga da ya fi masa sauƙi.

An yi masa aiki a wuya da bazara. Hannun hagu ya dawo, na dama ya dawo rabi. Ya koma sana'ar mahaifinsa, lanƙwasa kwagiri da ƙona masa ado da ƙarfe mai zafi, Vesma tana shafa jan fenti da kore, suna sayarwa a bakin wani kogo da ke garinmu ga masu yawon buɗe ido. Maɓallan rigarsa shi ke ɓallawa yanzu, a hankali, yana zagin kowane ɗaya da sunansa. Ilgvars kuwa an ba shi sabon na ƙasa, ƙaƙƙarfan saurayi mai ladabi. Sun yi rabin hunturu suna gogar bango kamar akuya mai ƙaiƙayi. Wata safiya ya sauka daga keke, ya cire safar hannu, ya ce da koci, "Wannan katifar ba tawa ba ce." Ya tafi gonarsa.

Hunturun da ya biyo, da gasar ta sake zagayowa gida, na ja Modris da ƙyar ya zo kallo. An sake samun wasu yara biyu a keken mutum biyu, ba laifi, suna koyo. Ni ma ranar na bar wa wani riƙon riguna, gwiwoyina sun fara ƙin matakala. Muka tsaya a cikin jama'a dab da ƙarshen kwararo, inda faifan ke rataye. Modris yana dogare da kwagirinsa yana kallon faifan kamar wanda aka kai gidan tarihi.

Ya ce, "Ashe ƙarami ne haka."

"Ba ka taɓa ganinsa ba?"

"Ta ina? Ƙararsa kawai nake ji. Yau dai zan ga yadda ake marinsa."

Mai lasifika ya ce ƙungiyarmu ce ta gaba, Laine tana kan layi. Jama'a suka matso. Sai wani dogo cikin tsohuwar rigar sanyi ya ratso ta tsakiyar mutane, bai kalli dama ba, bai kalli hagu ba, bai gaishe ni ba, ya zo ya tsaya ƙiƙam a gaban Modris, ya juya masa baya. Ya cire hularsa ya sa a aljihu. Ƙeyar ta yi fari fat.

Can sama aka saki Laine, muna jin ƙarar kekenta tana tahowa daga nesa.

Ilgvars ya ce, yana kallon kwararo, "To, gajere. Ba ƙyaure, ba agogo. Ina jin ka."

Modris ya daɗe yana kallon ƙeyar. Ya ce, "Na gaji ne, Ilgvar."

"Na ji."

"Tun tuni na gaji."

"Na ce na ji. Hannun fa?"

"Yana riƙe cokali."

"Ya isa. Ranar Asabar zan hura ɗakin tururi. Ka zo da wancan mai surutun, ya murza min baya, in har yanzu ya iya."

Na ce, "Mai surutun yana da suna, kuma ba ya murza bayan da ba a gaishe shi ba." Ba wanda ya kula ni.

Ƙarar keken ta cika wurin, jama'a suka ɗauki ihu, ƙararrawa ta ko'ina. Modris ya yi ɗage, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, kafaɗun nan sun rufe komai. Ya zunguri Ilgvars da kwagiri.

"Matsa mana, tsoho, ka tare min."

Ilgvars bai matsa ba. "Ai ka saba."

Muka ji tas, Laine ta mari faifan. Modris ya sauke dugadugansa ƙasa, ya gyara dogara a kan kwagiri, ya ce, "Ta same shi a tsakiya. Daga ƙarar na ji."